Bayan An Tashi Gayya, Wa Zai Yi Maimai?

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi bai cika mako ba, masu POS a bakin Terminus da Farin Gada a Jos, kamar takwarorinsu na sauran garuruwan Najeriya, suka wuni suna ba mutane haƙuri da magana ɗaya: babu sabis. Manhajojin bankuna suka yi ta juyi a waya ba sa buɗewa. Sanadin abin yana can ƙarƙashin teku wajen gaɓar Kodebuwa, inda manyan wayoyin intanet huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan a lokaci guda. Mai sayar da kabeji da dankalin turawa wanda bai taɓa ganin teku ba ya rasa ciniki saboda abin da ya faru a ƙarƙashinsa. Shi da mai sayen suna tsaye suna kallon juna, kuɗin suna banki, amma hanyar da saƙon zai bi ya dawo ta yanke a wata ƙasa.

Tun daga ranar nake jin kalmar gajimare da wani kunne dabam. Abin da 'yan kwamfuta ke kira gajimare ba a sama yake ba. Gini ne a ƙasa, cike da kwamfutoci marasa allo da aka jera a kanta, ana hura musu sanyi dare da rana, ana kuma yanka ƙarfinsu gunduwa-gunduwa ana ba da haya ga duk mai bukata. Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa da gaske a 2006, Microsoft da Google suka biyo baya. Injinan kowa na iya saya idan yana da kuɗi. Sirrin sana'ar yana cikin manhajar da ke raba injin ɗaya ya zama ɗari, ta san wane ne ya karɓi nawa, ta hana bayanan wannan shiga na wancan, ta kuma tashi wani injin idan ɗaya ya mutu. Waɗannan kamfanoni ba sa nuna wa kowa cikin tasu manhajar.

A watan Yulin 2010, kamfanin Rackspace na jihar Texas da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka haɗa abin da kowannensu ya rubuta suka sake shi ga duniya da sunan OpenStack. NASA ta kawo ɓangaren da ke tashin kwamfutocin haya, wanda ake kira Nova, Rackspace kuma ya kawo ma'ajiyar bayanai mai suna Swift. Lasisin da aka ɗora masa, Apache 2.0, ya yarda kowa ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya yi kasuwanci da shi ba tare da ya biya kowa ko sisi ba. Fitowar farko ta zo a Oktoban shekarar da sunan Austin, daga baya aka ɗauki al'adar fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, sunayen na bin haruffa: Bexar, Cactus, Diablo, haka har aka kai Zed a Oktoban 2022, aka sake komawa farko da Antelope a 2023. Gidauniyar da ke riƙe da aikin an kafa ta a 2012, daga baya ta koma Open Infrastructure Foundation, a 2025 kuma ta shiga ƙarƙashin inuwar Linux Foundation.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan tsari, domin gayya ce. Gona ɗaya, hannaye da yawa, kowa da fartanyarsa. Amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gayya ranarta ɗaya. Ana kiɗa, ana dama kunu, samari na tsere a kunya, kafin azahar an share eka biyu. Washegari gonar ta koma hannun mutum biyu ko uku, su ne za su yi maimai, su kori tsuntsu, su lura da tsutsa, su kai amfanin rumbu, su kuma riƙa leƙa rumbun saboda gara da ɓera. Maganata a wannan sharhi a kan waɗannan mutum biyu ko ukun take, saboda ina ganin mu a Jos mun ƙware wajen halartar gayya, amma har yanzu ba mu fara renon masu maimai ba.

Tarihin OpenStack kansa darasi ne a kan bambancin cikar taro da ci gaban aiki. A Afrilun 2016 an yi babban taronsa a birnin Austin, mutum sama da 7,000 suka halarta, manyan kamfanoni suka kafa rumfuna, kowa na raba riguna da huluna. A lokacin akwai wani shafi mai suna Stackalytics da ke ƙirga gudummawar kowane kamfani, aka mayar da shi fagen tsere: wane ne na ɗaya a yawan gyare-gyare, wane ne na biyu. Abin da ƙirga ke haifarwa ya bayyana. Wasu suka riƙa turo gyaran waƙafi da kuskuren harafi ɗaya-ɗaya don lambarsu ta hau. Ana cikin haka iska ta juya. HP ya rufe gajimarensa na haya a Janairun 2016. Haɗin gwiwar Intel da Rackspace a kan aikin ya watse a 2017. SUSE ya janye a 2019. Hankalin matasa ya koma kan Kubernetes, wanda Google ya saki a 2014. 'Yan jarida suka fara rubuta ta'aziyyar OpenStack.

To amma a daidai shekarun da taron ke raguwa ne amfani da manhajar ya yi ta hauhawa. Ƙididdigar gidauniyar ta nuna ƙwayoyin sarrafa lissafi miliyan 25 na aiki a kanta a 2021, suka haura miliyan 45 a 2023. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Janiba tana tafiyar da gajimarenta a kanta tun 2013, da ɗaruruwan dubban ƙwayoyi. Kamfanonin waya a Sin da Turai na amfani da ita. Ko gidauniyar Wikimedia, a kanta ta gina gajimaren da masu sa kai ke ɗora kayan aikinsu, saboda haka editan Wikipedia ta Hausa a Kano ko Jos yana cin moriyarta ba tare da ya sani ba. Da kamfanin Broadcom ya saye VMware, abokin gogayyar OpenStack, a Nuwamban 2023 ya sauya tsarin lasisi, kuɗi suka tashi wa kwastomomi da yawa, sai ga waɗanda suka yi ta'aziyya jiya suna tambayar hanyar gidan mamacin. Abin da ya riƙe aikin a shekarun shiru shi ne wasu tsirarun injiniyoyi da suka ci gaba da fitar da zubi duk wata shida, ba fashi.

Yana da kyau mai karatu ya ga yadda aikin ke tafiya daga ciki, don a nan ne maganar take. Idan ka gano aibi a Nova ka rubuta gyara, ba ka da ikon saka shi da kanka. Za ka tura shi wani dandali mai suna Gerrit, inda kowa zai iya karantawa ya faɗi ra'ayinsa. Wata manhaja mai suna Zuul za ta ɗauki gyaran ta tashi ƙaramin gajimare na gwaji, ta gudanar da ɗimbin jarrabawa, ta ga ko ka karya wani abu a wani lungu. Idan ka tsallake wannan, sai manyan masu bita su duba. A al'adar yawancin sassan aikin, sai mutum biyu daga cikinsu sun sa hannu kafin gyaran ya shiga. Sau da yawa za a dawo maka da shi sau biyar ko goma: gyara nan, ƙara gwaji can, bayaninka bai fito ba. Babu wanda ke sayen kujerar babban mai bita. Ana ba mutum ita ne bayan abokan aiki sun daɗe suna ganin yadda yake karanta aikin wasu da idon basira, yana kama kuskure, yana kuma iya faɗar gaskiya ba tare da cin fuska ba.

Wannan ya yi kama da zaman yaron shago a gaban ubangidansa a garejin makanikai na Dilimi. Shekarar farko wankin sifana da miƙa kaya ne. Sannu a hankali a bar shi ya kwance kafireto, maigida na tsaye. Ranar da maigida ya tafi masallaci ya ce wa mai mota, bar wa yaron nan, zai yi, ranar ce ya zama makanike. Satifiket ba ya cikin lissafin. Saboda haka ma'aunin lafiyar aiki irin wannan shi ne masu bita nawa gare shi, daga kamfanoni nawa suka fito, kwana nawa gyara ke yi yana jiran a duba shi, kuma idan mutum ɗaya ya tafi, akwai wanda ya san inda ya ajiye makulli.

Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta wasa ba ce. Mako biyu bayan yankewar wayoyin teku, a ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya bayyana abin da ya gano: ya lura cewa shiga wata kwamfuta ta nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi diddigi, ya tarar an dasa ƙofar ɓarayi a cikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Mai kula da manhajar mutum ɗaya ne, ya shekara da shekaru yana yi kyauta, ya gaji. Wani ya shigo da siffar mai taimako, ya yi sama da shekara biyu yana aiki tsakani da Allah a zahiri har aka amince masa, sannan ya dasa abin da ya zo dasawa. Miliyoyin injina na cin amfanin gonar, mai maimai ɗaya ne tak. Ba a Jos kaɗai ake ƙarancin masu wannan aiki ba, duniya ce ke nemansu, kuma a nan nake ganin ƙofa a buɗe ga yaranmu.

Jos ba baƙuwa ba ce a wannan fage, ko da yake mun cika mantuwa. A 1999 wani malami daga Jami'ar Iowa ta Amurka, Cliff Missen, ya zo Jami'ar Jos a ƙarƙashin shirin Fulbright. Wahalar samun intanet da ya gani a nan ce ta haifar da shirin WiderNet a 2000, daga bisani kuma aka samar da eGranary: a kwafi shafukan ilimi da izinin masu su, a zuba su a faifan kwamfuta, a kawo makaranta a ɗora a kan na'urar cikin gida, ɗalibai su yi bincike ko da waya ta yanke. Sunan kansa daga rumbun hatsi aka aro shi. Tunanin ya bazu zuwa makarantu da asibitoci a ƙasashe da dama, amma tsiron daga nan ya fito: ajiye abin da kake bukata kusa da kai. A 2015 David Daser ya buɗe nHub, ɗaya daga cikin cibiyoyin fasaha na farko a arewacin Najeriya, kafin daga baya ya shugabanci hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta jihar Filato. Yaran da suka koyi rubuta manhaja a garin nan suna aiki yau wa kamfanonin Legas da na ƙetare daga ɗakunansu a Rayfield da Tudun Wada da Bukuru. A matakin ƙasa, ƙungiyar Open Source Community Africa da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018 ta yi aikin a zo a gani wajen wayar da kai, rahoton GitHub na 2024 ya ce masu rajista daga Najeriya sun haura miliyan ɗaya, shirin 3MTT da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 kuma ya sa ilimin gajimare cikin darussansa.

Duk wannan alheri ne, ban raina ko ɗaya ba. Na zauna a taruka irin waɗannan ranar Asabar, na ga yarinya 'yar aji biyu a jami'a ta tura gudummawarta ta farko hannunta na rawa, na ga farin cikin da ke fuskarta. Abin da ke damuna shi ne abin da muke ƙirgawa bayan an tashi. Rahoton da ake kai wa mai ɗaukar nauyi yakan ce mutum kaza sun halarta, kaza mata ne, an raba satifiket kaza. Ba a komawa bayan wata shida a tambaya: cikin ɗari biyun nan, mutum nawa ne har yanzu ke cikin aiki ɗaya, nawa ne suka duba gyaran wani, nawa ne sunansu ya zama sananne ga masu bita? Duniya ta riga ta ga inda ƙirgar kai ke kaiwa. A shekarun baya, shirin Hacktoberfest na kamfanin DigitalOcean yana ba da riga ga wanda ya tura gudummawa huɗu a watan Oktoba. A 2020 aka yi ambaliyar gyare-gyaren banza har masu kula da manhajoji suka koka, dole aka sauya dokar. Wanda ya sha wahalar wannan ambaliya shi ne dai mai maimai, wanda ya kwana yana share shara.

Akwai kuma wani gibi da ya fi wannan zurfi. Yawancin abin da ake koya wa matasa da sunan ilimin gajimare, koyon amfani ne da shagon wani: ina za ka danna a AWS na Amazon, yaya za ka ci jarrabawar Azure na Microsoft. Ilimi ne mai kawo abinci, ba na hana kowa. Amma direba dabam, makanike dabam. Wanda ya san danna maɓalli bai san abin da zai yi ba ranar da faifai uku suka mutu lokaci guda da ƙarfe biyun dare, ko ranar da hanyar sadarwar cikin gida ta rikice injina suka daina ganin juna. Wannan ilimin ba a samunsa sai a gaban injin na gaske, mai ɗauke da bayanan mutane na gaske, waɗanda za su kira ka a waya idan abu ya tsaya. Kuma irin waɗannan mutane ne ayyuka kamar OpenStack suka fi sauraro, domin rahoton aibi daga wanda ke tafiyar da gajimare ya fi gyaran waƙafi ɗari daraja.

Mutumin Filato ya san ma'anar a haƙa a tafi da shi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka fara kwasar kuza a nan. An shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Bukuru, wanda ya iso a 1914, don fitar da ita. A lokacin yaƙin duniya na biyu an tilasta wa dubban mutane daga lardunan arewa aikin haƙa. Da farashi ya faɗi a 1985, abin da aka bar mana shi ne kududdufai da ke cin yara da dabbobi har yau. Kuzar kuwa, da ita ake yin dalmar da ke liƙe sassan lantarki, har na cikin kwamfuta. Ina tuna wannan duk lokacin da na ji ana murnar cewa yaranmu na samun aikin dala daga waje. Ina taya su murna da zuciya ɗaya. Amma idan duk abin da suka gina yana zaune a injin wani, a ƙarƙashin manhajar da ba su da ikon buɗewa, to an sake haƙa ne an tafi. Buɗaɗɗiyar manhaja ta bambanta ta fuska ɗaya mai muhimmanci: abin da ka koya a cikinta kana iya dasa shi a garinku gobe, babu mai neman ka biya lasisi, babu mai iya ƙwace shi.

Lissafin kuɗi ma ya sauya. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk ƙaramin kamfanin da ke biyan hayar gajimare da dala ya ga kuɗin ya ninka sau uku ba tare da ya ƙara ko kwastoma ɗaya ba. Wannan ne ya sa aka fara waiwayar kamfanonin gida masu karɓar naira. Cibiyoyin adana bayanai na 'yan kasuwa galibi a Legas suke, kusa da inda wayoyin teku ke sauka, Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya kuma yana da nasa a Abuja da Kano. Ga dokar kare bayanai ta 2023 da ta ɗora wa hukumomi da kamfanoni alhakin sanin inda bayanan jama'a suke da yadda ake kula da su. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma yanzu aron ma ya yi tsada.

Jos na da abubuwa biyu da masu gina irin waɗannan cibiyoyi ke nema. Na farko sanyi. Garin na bisa tudu sama da mita 1,200, kuma kaso mai yawa na wutar da ɗakin injina ke sha wajen sanyaya shi take tafiya. Abin da ke sa baƙo daga Sakkwato neman bargo a watan Disamba ragi ne a kuɗin wuta. Na biyu, tarihin wutar ruwa: tun 1929 kamfanin NESCO ke samar da lantarki daga Kurra don ma'adinai, kuma har yau yana ba wasu sassan jihar wuta. Ba zan ruɗi kowa ba, wannan bai isa ya sa Jos ta zama Legas ba. Wutar ƙasa na faɗuwa, masu aikin hanya na tsinka wayar gilashi, mai zuba jari kuma yana karanta labarin tsaro kafin ya karanta na yanayi. OpenStack kansa ba abu ne mai sauƙi ba. Yana da sassa da yawa, yana bukatar wanda ya san Linux da hanyoyin sadarwa da ma'ajiya irin Ceph sosai, kuma ɗaga shi daga tsohon zubi zuwa sabo ya sa ƙwararru da yawa zufa. Ga ƙaramar makaranta, wataƙila Proxmox ko Apache CloudStack sun fi dacewa. Ni ban damu da sunan manhajar ba, muddin a buɗe take kuma hannun 'yan gida ne a kanta.

Abin da nake kira gare shi ƙarami ne, shi ya sa nake ganin zai yiwu. Jami'ar Jos, ko hukumar fasaha ta jiha, ko su biyun tare da cibiyoyi irin nHub, su tsayar da gajimare ɗaya na gaske, ko da injina goma ne na hannu, da hasken rana da batir a bayansa. A ɗora masa aiki mai nauyi wanda idan ya tsaya za a ji: kundayen digiri, sakamakon jarrabawa, manhajar koyarwa, ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe. Garin da ya ga babbar kasuwarsa ta ƙone a Fabrairun 2002, ya kuma ga gobara ta cinye ɗakin karatu na jami'a a Naraguta a Oktoban 2016, bai kamata a yi masa wa'azin ajiye kwafi na biyu ba. A yi yarjejeniya da wata jami'a, Zariya ko Kano ko Bauci, kowa ya riƙe wa ɗan'uwansa kwafi. Sannan a rubuta a takardar ɗaukar ma'aikatan cewa kwana ɗaya a mako nasu ne na aiki a uwar manhajar: kai rahoton aibi, duba gyaran wasu, rubuta bayani.

A nan ne za a ce mini, malam, wa zai yi aikin kyauta da yunwa? Tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuma ita ce babu wanda ya ce a yi kyauta. Akwai tatsuniyar da ke cewa buɗaɗɗiyar manhaja aikin masu sa kai ne da dare. A OpenStack, yawancin masu aikin albashi suke ci daga kamfanoni irin Red Hat da Canonical da Mirantis da Huawei, ko daga cibiyoyi irin CERN, waɗanda suka lissafa suka ga biyan injiniya ya gyara gonar kowa ya fi musu araha a kan sayen lasisi. Yaron da ke sayen data da kuɗin abincinsa, yana cajin kwamfuta a shagon aski, ba zai iya gogayya da wannan ba, kuma rashin adalci ne a zarge shi da rashin naci. Shirye-shirye irin Outreachy, mai biyan dala 7,000 na wata uku, da Google Summer of Code, sun buɗe wa 'yan Najeriya da yawa ƙofa, amma wata uku gayya ce mai tsawo kawai. Kuɗin da ake kashewa a hayar zaure da abinci da riguna na taro uku zai iya riƙe matasa biyu shekara guda a kan aiki ɗaya. Mai ɗaukar nauyi ba zai samu hoton cikar zaure ba, wannan gaskiya ne, kuma ina jin shi ya sa ba a yi.

Wasu shingayen ma sun faɗi da kansu. A da, taron tsara aikin zubi na gaba sai ka nemi biza ka sayi tikitin jirgi. Tun annobar 2020 yawancin wannan zama ta intanet ake yi, kyauta, kuma agogonmu kusan ɗaya yake da na Turai, inda masu bita da yawa suke. Muhawarar a rubuce take, a buɗe, ana iya karanta ta shekaru baya. Wanda ke jin kunyar lafazin Turancinsa ba ya bukatar buɗe baki.

Akwai kuma abin da ba na son in wuce ban faɗa ba. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008 da 2010, garin nan ya rabu unguwa-unguwa, har akwai matasan da suka girma ba su taɓa taka wasu tituna na garinsu ba. Ɗakin injina ba zai warkar da wannan ba. Amma na lura cewa wuraren koyon kwamfuta na cikin 'yan tsirarun wuraren da yaron Anguwan Rogo da yarinyar Jenta ke zama a benci ɗaya ba tare da an shirya taron zaman lafiya ba. Taron kwana ɗaya yana haɗa su su rabu. Aikin da za su yi karɓa-karɓar kwana a kansa, wannan ya bar wa wancan rubutaccen bayanin abin da ya lalace da dare, yana gina irin amanar da ba a koyar da ita a zaure.

Harshe ma aiki ne da ke jiran mai shi. Fuskar da mai amfani ke gani a OpenStack, wadda ake kira Horizon, masu sa kai ne ke fassara ta zuwa harsunansu. Masu bincike irin na HausaNLP sun nuna cewa idan 'yan gida suka tashi, Hausa na samun gurbi a fasahar zamani, kuma su ma injina suke bukata da wurin ajiye tarin bayanansu. Wanda bai iya harshen kwamfuta na Python ba amma ya iya Hausa da kyau yana da kunyar da zai noma a gonar nan, da sharaɗin zai dawo ya sabunta fassarar duk lokacin da sabon zubi ya fito.

Sabon zubin kuwa ba ya jiran kowa. Ɗaya na fitowa wajen Maris ko Afrilu, ɗaya wajen Oktoba, kuma tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya rubuta da na waɗanda suka duba, a buɗe yake ga duk mai son gani. Saboda haka masu shirya tarukanmu da masu ba su kuɗi suna da hanyar auna kansu wadda ba ta bukatar rahoto mai hotuna. Su zaɓi aiki ɗaya, su zaɓi matasa biyar, su biya musu data da wuta da ɗan alawus, su ba su injin da za su kula da shi. Bayan zubi huɗu, wato shekara biyu, a buɗe Gerrit a duba ko akwai gyaran wani injiniya na Jamus ko Koriya da aka mayar masa saboda wani daga Bukuru ya karanta ya ce gwajin bai cika ba.